Wanda Ya Sauke Fitilar Lungun Sabil

Da muka fita sallar Asuba tana nan tana ci. Ni kaina na wuce ta ƙarƙashinta, kai a sunkuye kamar yadda na saba, haskenta ja da kore yana zuba a kan takalmana. Da muka dawo gari ya soma fari, Mukhtaru mai kunna fitilu ya jingina tsaninsa zai hau ya kashe ta, ya ɗaga kai, sai muka ji ya saki salati. Sarƙa ce kawai da ƙugiya a jikin ƙarfen bango. Fitilar ba ta nan.

Wannan a Makka ne, shekarar 1370, a unguwarmu ta Mansur inda Hausawa suka yi gida. Lungunmu ana ce masa Lungun Sabil, saboda randar ruwan sadaka da ke zaune cikin wani alkuki a bangon bakin lungun. Can sama da randar, inda tsayin mutum biyu ba ya kaiwa, nan fitilar take rataye tun zamanin Turkawa. Sauran lunguna fanus ɗin gwangwani gare su, babban titi kuma fitilun itrik, masu famfo da huci, har an fara kafa turakun lantarki. Tamu ta tagulla ce, gilashinta takwas, ja da kore da ruwan zuma. A kanta akwai kambi na ganyaye wanda ba a ganinsa daga ƙasa. Inuwarsa kawai ake gani, da an kunna ta sai ganyayen su bazu a bango kamar kurangar inabi. Alhazai sukan baro masaukinsu su zo kallon inuwar nan.

Ni kuwa na tsane ta, gara in faɗa tun yanzu. Sunana Awwalu, samkari ne ni, wato maƙerin gwangwani da tagulla, shagona taku ashirin ne daga bakin lungun. Duk abin da na ƙera, ko buta ko fanus, sai wani ya juya shi a hannu ya ce, "Ya yi kyau, amma wanda ya yi ta Sabil shi ne maƙeri." Wani Baturke da ba wanda ya san sunansa, ya mutu tun ban zo duniya ba, amma kullum yana ƙofar shagona yana kwashe mini yabo. Na taɓa ɓata wata biyu na ƙera irinta daga abin da idona ya iya hangowa. Ranar da na rataye ta, Lurwanu mai gahawa ya ce akurkin kaza ne aka cinna wa wuta. Har yau in na tuna sai wuyana ya yi zafi.

Saboda haka ban yi mamaki ba da idanu suka juyo kaina. Kafin Umda Mahmudu, mai unguwarmu, ya gama gyara rawaninsa, Lurwanu ya riga ya buɗe baki.

"Ya Umda, a tambayi Awwalu abin da ya faɗa a shagona ran Talata."

Na faɗa kuwa. Shekara da shekaru ina roƙon Baba Ja'afaru, tsohon da yake kunna ta, ya bar ni in hau in ga kambin, yana hana ni. Wata biyu kafin nan ya faɗo daga tsani, ƙugunsa ya goce, aka ba Mukhtaru aikin. Na roƙi Mukhtaru, shi ma ya hana. Shi ne na ce a gaban mutane wata rana sai na sauko da ita na farke cikinta. Ga shi kuma da asubar nan na fita daga sahu kafin a tayar da salla don sake alwala, ba wanda ya ga lokacin da na dawo.

Suka dunguma shagona. Suka ga tsani a jingine. Mukhtaru ya sa hannu a kan maƙera ya ɗago wani ganyen tagulla mai tsawon ɗan yatsa.

"Wallahi na kambinta ne, ya Umda. Ni nake hawa, na san shi."

"Na kaskon turaren Baba Ja'afaru ne," na ce. "Shekara goma sha ɗaya yana sa ni ina yi masa su, ɗaya bayan ɗaya. Wannan tun kafin ya faɗi ya sa ni, bai zo ya karɓa ba. Ku tambaye shi."

Aka tura mutum gidan tsohon. Bai daɗe ba ya dawo, ya ƙi haɗa ido da ni. Baba Ja'afaru ya ce shi bai san da zancen wani ganye ba.

Na dubi hannuna na dama. Duk wanda ya zauna a garin nan a lokacin ya san abin da ake yi wa hannun ɓarawo, ni kuwa ba ni da gona, ba ni da raƙumi, hannun nan shi ne abincin gidana.

"Ba na son askar ɗin hukuma su shigo mini unguwa," in ji Umda. "Amma kayan wakafi ne. Na ba ka zuwa La'asar ɗin gobe, Awwalu. In ba ta fito ba, ba ni da yadda zan yi." Ya juya ya ce a je kasuwar raƙuma a kira masa mai bin sawu.

*

Malam Abdulganiyyu mai bin sawu ya iso da hantsi, ba takalmi a ƙafarsa. Siriri ne, baƙi, idanunsa a ƙanƙance. A ƙafa ya zo Makka ta Chadi da Sudan, shekara bakwai yana bin raƙuman mutane, a nan ya koyi karatun ƙasa. Yana shigowa lungun aka hau raɗa, wai yana ganin sawun taguwa, macen raƙumi, ya faɗi ko tana da ciki. Na ji haushi. Ko ranar da masifa ta same ni, wani ne yake shan yabo.

Bai ko ɗaga kai ya dubi sarƙar ba. Ya sa kowa ya ja baya, ya tsuguna a ƙarƙashin ƙarfen.

"Jama'a sun tattake wurin," ya ce. "Amma ga ramin ƙafar tsani sau biyu. Wannan na jiya da Magariba ne, akuya ta taka shi, ƙwaro ya ratsa ta ciki. Wannan na safiyar yau ne. Duka tsani ɗaya ne, ƙafarsa ta hagu a naɗe da tsumma."

"Nawa ne," in ji Mukhtaru.

Ya sa aka kawo tsanina, ya dasa shi a gefe, ya ɗaga. Ƙafafun nawa sun fi matsewa. "Wannan bai taɓa ƙasar nan ba."

Na fara sakin numfashi, sai Lurwanu ya ce, "To me? Tsanin Mukhtaru a jikin masallaci yake kwana. Mutum mai wayo sai ya ɗauka ya sa a gurbin jiya." Mutane suka gyaɗa kai. Umda ma ya gyaɗa.

Malam Abdulganiyyu ya juya. Ya je randar sabil ya ɗebi ruwa ya sha, ya tsuguna a gindin alkukin inda ƙasa ba ta rabuwa da laima. Ya daɗe a wurin. Da na matso na ga abin da yake kallo: layin kiyashi ne ya taso daga ƙasa, ya hau bango, ya shige bayan randar.

"Malam," na ce, "zancen hannuna ake yi, kai kana kiwon kiyashi?"

"Je ka ci abinci, samkari," ya ce. Ya ɗauko wani tsohon kwano ya kife a kan laimar, ya ce da Umda kada a bari kowa ya ɗaga.

Ban je cin abinci ba. Na bi shi duk inda ya sa ƙafa.

*

Shagon Lurwanu a can ƙarshen lungu yake, inda hasken fitilar ba ya kaiwa. Malam Abdulganiyyu ya zauna, ya karɓi finjalin gahawa, ya kurɓa.

"Ba ka yi Asuba a masallaci ba."

"Cikina ne ya murɗa."

"Mai ciwon ciki ba ya ɗaukar buhu. Sawunka ya shigo daga titi, dugaduganka sun nutse, ka bi jikin bango kamar mai gudun a gan shi. Ina buhun?"

Lurwanu ya yi gumi, ya rantse, ya sake rantsewa, daga baya ya ja wani buhu daga ƙarƙashin benci. Na riga kowa kai hannu. Na kwance bakin, sai ga sabuwar itrik fil, ko mai ba a taɓa zuba mata ba.

"To, kun gani," in ji Lurwanu. "Shekara takwas ina kallon mutane suna wuce ni suna tafiya wurin Rabe, ɗayan mai gahawa, don kawai teburinsa yana ƙarƙashin inuwar nan. Gahawarsa ruwa ce zalla! Na sayo wannan in ja su, ina jin kunyar a gan ni da ita. Na yi murna da fitilar ta ɓata, wallahi na yi. Amma ban taɓa ta ba."

Na so in tsine masa, sai na ji maganar tasa ta yi kama da tawa.

"Da ka wuce tana ci?" in ji Malam Abdulganiyyu.

"Tana ci. Liman yana raka'ar farko, ina jin karatunsa."

"Ɗayyib, shi ke nan," ya ce, ya ajiye finjalin.

Mukhtaru muka samu yana wanke gilasan fanus a ƙofar gidansa. Ƙato ne, mai fara'a, mai son a ji shi. Malam Abdulganiyyu ya tambaye shi me yake zuba wa fitilar.

"Kananzir mana, ya shehi, me ake zubawa? Na samu wani ɗan guntun mai a cikinta mai kauri, na zubar. Na sa mata lagwani mai faɗi. Tun daga ranar haskenta ya ninka, kowa ya shaida."

"Gilashin fa?"

"Yana ɗan yin baƙi. Ina goge inda hannuna ya kai. A kan tsani ai ba a sakin jiki."

"Ka gaya wa tsohon haskenta ya ninka?"

"Har gida na je! Ran Juma'a. Na ce Baba ka kwantar da hankalinka, mutane sun ce tun da aka rataye ta ba ta taɓa haske irin na yanzu ba. Don ya ji daɗi."

"Ka kyauta," in ji Malam Abdulganiyyu.

*

Da yamma ya ce mu je mu gaida mara lafiya. Ban so ba, amma na bi shi.

Baba Ja'afaru yana kwance a kan gadon igiya a ɗakin zaure, ya rame, gemunsa fari fat. Shekara talatin da uku yana kunna fitilun unguwarmu, yara da yawa da hasken fitilarsa aka je kiran ungozomarsu. Sandarsa tana jingine a bakin ƙofa. Malam Abdulganiyyu ya yi tuntuɓe da ita, ya ɗauka, ya shafa gindinta, ya mayar. Mutumin da yake ganin sawun ƙwaro wai shi ne bai ga sanda ba.

Suka gaisa. Malam Abdulganiyyu ya ɗaga murya wajen labule. "Inna, a taimaka wa baƙo da ɗan man riɗi. Ƙafata ta tsage."

Inna Sa'adatu, matar tsohon, ta amsa daga ciki. "Ɗana, da akwai da na ba ka. Jiya kwalbar da rabi, yau na duba ba ko ɗigo. Shekara talatin man gidan nan yana tafiya ban san inda yake zuwa ba. Da maigidan ya kwanta na ɗan huta, yau kuma an koma."

"To a ɗan sa mana turare, Inna, a kaskon nan na tagulla."

"Wane na tagulla? Kaskonmu na ƙasa ne, tun na aurena."

Babu kasko ke nan. Gobe Umda zai ji cewa ko abin da na ce ina yi wa ganyen ma babu shi a duniya. Na durƙusa a gaban gadon.

"Baba, ka dubi Allah. Kai ka san ka zo shagona. Kai kake kawo mini tsohon ganye a ƙulle a bakin rawaninka ka ce in yi irinsa. Hannuna za su cire, Baba."

Tsohon ya dube ni, leɓensa ya motsa. Sai ya juya fuskarsa bango.

Da Magariba na tsaya a ƙofar gidana ina kallon bakin lungun. Duhu ne kawai a wurin, mutane suna laluben bango. Shekara nawa ina fatan ganin haka, ga shi na gani, ban ji komai ba sai tsoro. Matata Rabi'atu ta kawo tuwo na kasa ci. Ta kama hannun nawa ta riƙe, tana shafa tabon dalma da ke yatsuna.

*

Washegari bayan Azahar Umda ya tara mu a bakin lungun: ni, Lurwanu, Mukhtaru, da duk wanda ya iya barin sana'arsa. Malam Abdulganiyyu ya ce ba za a yi zancen fitila ba tare da dattijonta ba, aka ɗauko Baba Ja'afaru a kujera aka ajiye a inuwa.

"La'asar ta kusa, ya shehi," in ji Umda. "Wa ya ɗauka?"

"Za mu zo nan, ranka ya daɗe. Amma lungu ba zai sake kwana a duhu ba. Samkari, kawo wadda ka ƙera a rataye kafin a samu waccan."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Na ɗauko akurkin kazata ina jin kamar in nutse. Mukhtaru ya nufi tsaninsa.

"A'a," in ji Malam Abdulganiyyu, "tsanin shaida ne, kada a taɓa shi. Ga gora mai ƙugiya. Ku maƙalo sarƙar ku jawo ta ƙasa. In ta ƙi, ku ja da ƙarfi, ko ta tsinke samkari ya gyara."

Mukhtaru ya maƙalo sarƙar ya ja. Ba ta motsa ba. Lurwanu ya kama masa, su biyu suka rataya a jikin gorar. Sai muka ji wani abu ya yi ƙara a cikin bango, ƙarar ƙarfe yana cizon ƙarfe.

"Ku saki!"

Baba Ja'afaru ne. Ya miƙe tsaye, ba sanda.

"Ku saki, jakuna, za ku karya mata haƙori! Sai an ɗaga harshen tukuna!"

Tsohon ya ji abin da ya fito daga bakinsa, ya koma kan kujera a hankali.

Malam Abdulganiyyu ya je alkukin ya rungumo randar ya sauke. A bayanta akwai wata 'yar ƙofar ƙarfe da ba ta fi tafin hannu biyu ba, an shafe ta da farar ƙasa kamar bango. Ya buɗe. Ga wani gargaren ƙarfe mai haƙora da mariƙi, sarƙa a naɗe a jikinsa, yana sheƙi da mai, kiyashi sun yi masa baƙi. Ya ɗaga wani ɗan harshen ƙarfe ya murɗa mariƙin. Muna tsaye baki buɗe, sarƙar da muka ɗauka a kafe take tun zamanin Turkawa ta sauko sumul har daidai ƙirjin mutum.

"Kowa ya ce sai mai tsani," in ji shi. "Ba a hau tsani ba. Kiyashi ba ya bin ruwa, ba ya bin kananzir, man riɗi yake bi. Ɓarawo in ya sauke fitila gudu yake yi. Wannan ya tsaya ya mayar da sarƙa sama, ya zuba wa haƙoran mai, don hannunsa bai san yadda ake rufe ƙofar nan ba a shafa mai ba."

Ya ɗaga kwanon da ya kife jiya. A cikin laimar ga sawun takalmi, ƙafar hagu tana ja, ga ramin gindin sanda mai tsaga.

"Ya zo da ƙafa uku. Duba nan, ya koma da biyu, sun fi nutsewa. Ya saƙale sandar a hammata ya rungume ta da hannu biyu. Mai sayarwa a buhu yake jefa kaya." Ya karkaɗe hannunsa. "Tun kafin in ga wannan ma na san ba ɓarawo nake nema ba. Ɓarawo yana da dare guda cur. Wannan ya jira sai da mai zuwa salla na ƙarshe ya wuce da haskenta, gari ya kusa wayewa. Mutum ɗaya ne a unguwar nan ba zai iya barin lungu a duhu ba ko da zai yi sata."

Umda ya juya. "Baba Ja'afaru?"

"Tana ƙarƙashin gadona," in ji tsohon. Bai sunkuyar da kai ba, Mukhtaru yake kallo. "Wanda ya koya mini aiki shi ya nuna mini ƙofar nan, ban nuna wa kowa ba. Da yamma in hau tsani in kunna kowa yana gani. Da Asuba kuna masallaci in sauke ta in wanke ta gilashi-gilashi, in ba ta man riɗin gidana, don kananzir yana cinye launi. Shekara talatin da uku. Sai wannan ya zo wata biyu, ya ɗura mata kananzir kamar fanus ɗin mahauta, ya zo har kan gadona yana gaya mini ba ta taɓa haske irin na yanzu ba. Kuma kuka ce haka ne! Dukanku kuka ce haka ne!"

Mun faɗa ɗin kuwa.

Aka je aka ɗauko ta a naɗe cikin tsohon haraminsa. Ya wanke ta tas. Umda ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce shi abin da ya gani, ma'aikacin wakafi ne ya sauke fitila ya wanke kamar yadda ya saba, in akwai wanda ya ga sata ya yi magana. Ba wanda ya gani.

Ni ban gama ba. Na tsaya a gaban kujerar.

"Ni fa, Baba? Me na yi maka? Da La'asar ta yi an tafi da ni fa?"

"Da na fito," ya ce. "Ina jin da na fito."

"Kalma ɗaya ce. Ka ce e, ni na sa shi ya yi ganyen."

"Sai su ce na mene ne." Ya nuna fitilar da haɓa. "Je ka duba abin da kake ta roƙo ka gani."

Na durƙusa a gabanta. Karo na farko ke nan da na ga kambin da idona. Ganye ashirin da huɗu ne a jere. Biyar sun tsufa, sun yi siriri kamar takarda, aikin Baturken ne, kuma ba laifi, ya iya. Na taɓa na shida sai na ji yatsana ya san shi. Na juya bayansa. Ga 'yar tsagar da bakin kurfina na yankan tagulla yake bari, kurfin da ya ɓalle tun shekarar da na yi aure ban sake shi ba. Na duba na gaba, na duba na bayansa. Goma sha tara.

"Tsatsa tana cinye su ɗaya bayan ɗaya," in ji tsohon. "Na kai wa maƙera uku a cikin gari, inuwar ganyensu ta fito kamar kunnen jaki. Naka ne kawai ya zauna. In na faɗa, sai a ce fitilar Awwalu. Ni kuma in zama wa?"

Shekara goma sha ɗaya ina wucewa kai a sunkuye, ina tsine wa hannun da ya yi inuwar nan, ina kwana da ƙyashinsa. Ashe shi ne hannun da Rabi'atu ta riƙe jiya, wanda saura kaɗan a kai shi gaban mai wuƙa. Na so in shaƙe tsohon. Na so kuma in tambaye shi wanne ne a cikin ganyayen ya fi kyau a bango. A ƙarshe ganyen da aka kama ni da shi na karɓa daga hannun Umda, na cire ɗaya daga cikin biyar ɗin da ya kusa karyewa, na sa nawa. Ashirin.

Malam Abdulganiyyu ya sha ruwa a randar ya kama hanyar kasuwar raƙuma. Ban yi masa godiyar kirki ba sai bayan kwana uku, don a ranar kowa shi yake yabo.

Baba Ja'afaru bai ƙara shekara ba. Kafin ya rasu ya ce a ba ni mariƙin, Mukhtaru ya riƙe sauran fitilun. Lantarki ya shigo lungunmu, aka kwashe fanus ɗin gwangwani kaf, amma tamu Umda ya hana a taɓa. Har yanzu ni nake sauke ta da Asuba, da hannun nan na dama, in ba ta man riɗi, Rabi'atu tana mitar kwalbarta.

Makon jiya wani maƙeri daga Jidda ya tsaya a ƙarƙashinta har aka yi Isha yana kallon inuwar. Na ga hannunsa, na san ya iya aiki, wataƙila ma ya fi ni. Ya roƙe ni don Allah in sauke masa ita ya ga kambin sau ɗaya kawai.

Na ce masa sarƙar a kafe take tun zamanin Turkawa.